Ba Kano Ce Ta Kashe Kalangu Ba

Akwai wani kuka da ya daɗe a bakin masu kishin al'ada a Jamhuriyar Nijar, musamman a jihar Maraɗi, cewa waƙoƙin finafinan Kano sun cinye ƙasa. Daga birnin Maraɗi zuwa Tasawa, daga Mayahi zuwa ƙauyukan ƙaramar hukumar Alasan Mairairai, wadda takardun gwamnati ke rubutawa El Allassane Maïreyrey, abin da ke tashi a salular matasa da rumfar mai cajin waya da gidan buki kusan iri ɗaya ne: muryar Nura M. Inuwa, ko Umar M. Shareef, ko Ado Gwanja, ko Hamisu Breaker. Makaɗin gari kuwa, mai kalangu da mai gurmi da zabiya, kullum sai ƙara ja da baya suke yi. Masu wannan kuka sun yanke hukunci cewa baƙuwar waƙa ce ta kori 'yar gida, saboda haka maganin shi ne a ƙayyade ta a gidajen rediyo, a hana ta a wuraren buki, in da hali ma a tsare ta a bakin iyaka.

Ciwon da suke kuka da shi gaskiya ne, ba mai musun haka. Sai dai sun kuskure wurin da cutar take, kuma maganin da suka rubuta ba zai tayar da ko makaɗi ɗaya daga kwance ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Da farko ya kamata a tsaya a kan kalmar nan ta baƙuwa. Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906. Kafin wannan lokaci, Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadin farkon ƙarni na 19 ya fitar da su daga birninsu, shi ya sa har gobe sarautar garin ake kiran ta Sarkin Katsina. Haka Gobirawa suka kafa Tsibiri. Mutumin Mayahi da ya tafi cin rani Kano ko Katsina ba ya neman tafinta, ba ya sauya alƙibla, tuwon da ya bari gida shi yake tararwa. To, ta yaya waƙar da aka rera cikin harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi za ta zama baƙuwa a kunnensa? Layin da jami'in mulkin mallaka ya ja a kan taswira yana iya tsayar da buhun shinkafa, amma bai taɓa tsayar da murya ba.

An ma gwada, an gani. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, an sake rufe iyakar ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke tura wa Nijar, har zuwa farkon 2024. Fatake sun ji jiki, talakawa sun ɗanɗana tsadar kaya, amma babu wata sabuwar waƙar Kano da ta makara a Ɗan Isa tana jiran izinin shiga. Ƙaramin katin da ake sa wa waya, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, yana ɗaukar ɗaruruwan waƙoƙi, ga kuma WhatsApp da TikTok. Wanda ke neman a tsare waƙa a iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, yana neman a ɗaure iska da igiya ne.

Wannan rigima ba a kan Hausawa aka fara ta ba. A kudu maso gabashin Asiya akwai al'ummar da tarihinta ya yi kama da wannan ƙwarai. Yarjejeniyar Ingila da Holan ta 1824 ta raba duniyar Malayu gida biyu, daga nan aka samu ƙasashen da ake kira Malesiya da Indunusiya a yau. Harsunan ƙasashen biyu tushensu ɗaya, suna fahimtar juna, sai dai mutanen Indunusiya sun haura miliyan 270, na Malesiya kuwa ba su kai miliyan 40 ba. A shekarun 2000 ƙungiyoyin mawaƙan Indunusiya irin su Dewa 19 da Sheila on 7 da Peterpan suka mamaye rediyon Malesiya, har a 2008 ƙungiyar masu fasaha ta ƙasar, mai suna Karyawan, ta nemi hukuma ta taƙaita yawan waƙoƙin maƙwabtan da ake sakawa. Masu saurare ba su fasa ba. Amma ruwan bai taɓa gudu ta gefe ɗaya kawai ba. Zabiyar Malesiya Siti Nurhaliza ta yi farin jini a Indunusiya da ƙarfin muryarta, kuma shirin yara na zane mai motsi, Upin & Ipin, da Malesiya ta fara fitarwa a 2007, ya shiga gidajen Indunusiya lungu da saƙo. Abin da ƙaramar ƙasar ta ci riba da shi a kasuwar babbar, kyawun aiki ne ya ba ta shi, ba doka ba.

Faransa, wadda wasu ke kawo misali da ita, ta tilasta wa gidajen rediyonta tun shekarun 1990 su ware kashi 40 cikin 100 na waƙoƙinsu ga harshen Faransanci. To amma wannan doka harshe take karewa daga Ingilishi. A Maraɗi fa, wane harshe za a kare daga wane? A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Zai zama abin dariya a ce ƙasar da ta ɗaukaka Hausa haka ita ce kuma ke tsayar da waƙar Hausa a ƙofa tana tambayar ta takardar haihuwa.

Wani abin lura kuma shi ne, waƙar Kanon da ake zargi ita ma an taɓa gurfanar da ita a kan irin wannan tuhuma. Tun shekarun 1950 da 1960 'yan kasuwa Kwarori ke nuna finafinan Indiya a gidajen siliman arewacin Nijeriya. Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba salon rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa ya shigo, sai fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Malamai da dattawan Kano suka ce wannan Indiyanci ne, ba Hausa ba. Aka kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001, aka tsananta a 2007 da bayanta, aka kama wasu, aka haramta wasu waƙoƙi. Salon bai mutu ba, sai ma ya fita daga cikin fim ya zama sana'a mai zaman kanta. Haka nan kiɗan dangdut na Indunusiya, wanda Rhoma Irama ya shahara da shi, daga kiɗan Malayu da na finafinan Indiya ya tsiro. Ashe kowace ƙasa da wanda take kuka da shi: Kano na kuka da Bombai, Maraɗi na kuka da Kano. Idan aka bi salsala, babu kiɗan da bai taɓa aro ba. Ko algaita da kakakin da ake tinƙaho da su a fadar sarakuna, masana sun nuna daga arewa da gabas suka iso ƙasar Hausa.

Masu kukan sun kuma manta cewa hanyar Jibiya tana da zuwa tana da dawowa. Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, ya girgiza arewacin Nijeriya a shekarun 1990, kuma faifan da suka yi da Musa Fusi mai suna Niamey Twice ya fita a Turai a 1994. Mamman Gawo Filinge ya yi suna a tsallaken iyaka tun kafin a san bidiyo. Fati Nijar, wadda muryarta ta cika finafinan Kano a shekarun 2000, haifaffiyar Maraɗi ce. Ke nan wani kaso na abin da ake kira waƙar Kano, maƙogwaron Maraɗi ne ya rera shi. Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya sa sai da ta je Kano kafin duniya ta ji ta? Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawa daga jihar Tawa, wanda a yau yake cika dandali a Amurka da Turai, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Nijar ba ta rasa baiwa ba. Abin da ta rasa shi ne wurin da baiwa za ta zauna ta ci abinci.

A nan ne ainihin ciwon yake. Makaɗin Hausa bai taɓa rayuwa da yabo da tafi ba, da kyauta yake rayuwa. Mai gangar noma yana da rabonsa ranar gayya. Makaɗin maƙera da na mahauta da na 'yan dambe kowa da iyayen gidansa. Mai kalangun 'yan mata yana samun nasa a dandali daren kasuwa da lokacin kaka, in an cika rumbu da hatsi. Zabiya da maroƙi suna da kasonsu a buki da suna, ba roƙo kawai suke ba, su ne ke riƙe da sunayen kakanni da tarihin wanda ya sari gari da wanda ya haƙa rijiya. Wannan tsari ne ya rushe, kuma hannuwan da suka rushe shi duk na gida ne.

Hannu na farko shi ne na talauci da canjin zamani. Gonaki sun tsuke a ƙasar Mayahi saboda yawan jama'a, gayya ta ragu, samari kuma da an gama girbi sai su nufi Nijeriya ko Agadas ko Libiya ko Aljeriya. Dandalin da babu samari, wa zai yi wa makaɗi liƙi? Uban amarya da ke lissafin kowace jikka ya ga cewa hayar akwatin sauti da janareta ta fi masa sauƙi a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa kwana biyu da sallamar su. Ba ƙaunar Kano ce ta sa shi ba, aljihu ne.

Hannu na biyu shi ne na wa'azi. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa ƙwarai a Maraɗi tun shekarun 1980, musamman a tsakanin 'yan kasuwa da matasa, kuma cikin abin da ta yi kira a bari akwai bori da almubazzarancin buki da ba maroƙa kuɗi. Ba nan ne wurin yanke hukunci a kan wannan fahimta ba, malamai na da fagensu. Amma gaskiyar tarihi ita ce, gidaje da yawa sun rufe wa makaɗi ƙofa tun kafin a san salula a karkara, kuma 'ya'yan makaɗa da dama sun ajiye ganga don kunyar a kira su 'yan bidi'a. Abin mamaki, makaɗin da ake gani ido da ido shi aka kora, waƙar da ke ɓoye cikin waya kuwa ta shige har uwar ɗaki ba wanda ya tare ta. Wanda ya kori mai kalangu jiya ba shi da bakin tambayar inda kalangu ya shiga yau.

Hannu na uku shi ne na masu mulki da masu kuɗi. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukin matasa na ƙasa sun sa kowace gunduma tana shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo don gasa. Ko da manufar siyasa a ciki, an samu fage. A shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar kiɗa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, daga baya kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Sai dai daga Yamai zuwa Mayahi tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma abin da ake yi sau ɗaya a shekara a babban birni ba ya riƙe sana'a a ƙauye. Akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, amma mai tura waƙa a kasuwar ƙauye yana cika kati da waƙar kowa, ta gida da ta waje, ba tare da ko dala ta koma hannun mai ita ba. Mawaƙin Kano yana iya jure wannan domin yana da manyan bukukuwa da 'yan siyasa da kasuwar miliyoyin mutane. Mawaƙin Tasawa ba shi da wannan garkuwa. Attajiran Maraɗi kuwa, waɗanda sunansu ya kai ko'ina a fatauci, sun zuba dukiya a sufuri da gine-gine da shigo da kaya, amma ba su ɗauki waƙa da fim a matsayin hajar da ta cancanci jari ba. In buki ya tashi, sai a aika Kano a ɗauko mawaƙi da tsada.

Fim ma haka labarin yake. Nijar ta riga Kano nisa a wannan fage: Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bukin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, ga kuma Moustapha Alassane da ya yi fice tun shekarun 1960. Amma waɗannan finafinai sun dogara ga tallafin waje da bukukuwan ƙetare, ba su kafa kasuwa a gida ba. Kano ta fara da kyamarar bidiyo mai arha da kuɗin 'yan kasuwa, ta sayar wa matan aure a cikin gidajensu. Ɗaya ya tara lambobin yabo, ɗaya ya tara masu saye. Yau ga sakamakon nan kowa na gani.

Duk da haka, kada a ɗauka babu abin da ake asara. Akwai, kuma babba ne. Waƙar fiyano, in ban da kaɗan, jigonta ɗaya ne, soyayya, amonta ɗaya, kuma na'ura ta goge muryoyin har sun zama kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta san goruba da kabar Gulbin Kaba ba, ba ta san shekarar fari ba, ba ta san sunan manomin da ya yi dubu ba. Sannan akwai maganar karin harshe. Hausar wannan yanki tana cewa shina inda Kano ke cewa yana, tana cewa ɗiya da buki da hwaɗi. Yaron da duk abin da yake ji mai daɗi da Kananci yake zuwa masa, a hankali zai fara jin cewa harshen kakarsa ƙauyanci ne, musamman da yake a wasannin barkwanci sau da yawa bakin mutumin karkara shi ne abin dariya. Hausa kogi ce mai rassa da yawa, in reshe ɗaya ya shanye sauran, kogin ne ya rage. Kuma duk tsohon makaɗin da ya kwanta dama ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da tarihin da ba ya cikin kowane littafi. Wannan asara ba Nijar kaɗai ta shafa ba, har da Kano, domin rijiyar da mawaƙanta za su koma ɗiba ce ke ƙafewa.

Shin akwai shaidar cewa abin gida zai iya tsayuwa in an ba shi fage? Akwai, kuma a bainar jama'a take: kokawa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, kokawa ta zama abin da ke tsayar da Nijar cak. Ana zagayawa da ita jiha jiha, ana tace 'yan wasa tun daga ƙananan hukumomi, akwai kyauta mai tsoka, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. A wannan fili makaɗin gargajiya bai mutu ba, ganga da kirari su ne ke tayar da tsikar jama'a, kuma Hausawan Nijeriya su ne ke leƙowa su kalla. Ba wanda ya haramta ƙwallon Turai kafin kokawa ta rayu. Fili aka gina mata, aka sa mata lokaci, aka sa mata lada.

Abin da aka yi wa kokawa shi ya kamata a yi wa kiɗa. Gasar waƙa ta fara daga ƙaramar hukuma irin Alasan Mairairai, ta hau gunduma, ta hau jiha, a ware rukuni na kayan kiɗan gargajiya da na zamani, a yi ta bayan girbi lokacin da jama'a ke da sukuni. Gidajen matasa na Tasawa da Mayahi su samu ɗakin naɗar sauti ko da ƙarami ne. A yau kwamfuta ɗaya da makirfo mai kyau da faifan hasken rana sun isa a fara, abin da bai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Rediyon karkara, waɗanda suka yaɗu a Nijar tun daga 1999, su fita da na'ura su naɗi tsofaffin makaɗa da zabiyoyi tun suna da rai, su ajiye, su watsa, su kuma biya su ko da kaɗan ne. Hukumar haƙƙin masu fasaha ta sauko kasuwa ta yi tsari da masu tura waƙa, maimakon ta zauna a ofis. Malamai su bambance wa jama'a tsakanin waƙar batsa da waƙar noma da ta tarihi, kada a yi musu kuɗin goro. Mai buki kuma da ke da halin ɗauko mawaƙi daga Kano, ya tuna da na bayan gidansa.

Matasan mawaƙan yankin su ma da nasu aikin. Mai kwaikwayon Kano ba zai taɓa fin Kano iya Kananci ba, iyakarsa ya zama na biyu. Abin da zai kai shi gaba shi ne abin da Kano ba ta da shi: karin harshensa, amon gurminsa, labarin ƙasarsa. Sa'adu Bori da kiɗan bori na Maraɗi ya ci kasuwar Nijeriya, ba da aron na wani ba. Ba laifi ba ne a ɗauki fiyano da na'urar zamani, laifin shi ne a ɗauke su a rasa abin da za a faɗa da su.

Saboda haka masu kishin al'ada su daina jifan Kano, ba ta yi komai ba face sana'arta, kuma da harshen kowa take yi. Ƙofar da waƙarta ta shigo a buɗe take ga mai son fita da tasa. Makaɗin ƙasar Mayahi bai nemi a toshe bakin kowa ba. Fili yake nema da na'urar naɗa da ladan aikinsa, kuma waɗannan uku ba a Kano suke ba, suna hannun magajin gari da mai gidan rediyo da attajiri da uban buki.